Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ya ƙi miƙewa ga taken Ostireliya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 11, da ke firamare a Melbourne, ya zauna lokacin da ake rera taken ƙasa a asambili, malamarsu ta aiko miki da takarda, da kika tambaye shi ya ce taken yana cin fuskar 'yan asalin ƙasar. Kina so ki san ko ki tsawata masa ko ki ƙyale shi. Na ga wasu daga gida sun ce ki zane shi. Don Allah ki ajiye wannan shawarar a gefe tun yanzu. A jihar da kike, doka ta wajabta wa malami kai rahoto idan ya ga shaidar duka a jikin yaro, sai ki baro ƙaramar magana ki faɗa babba.

Ni a Brisbane nake, kuma a nan ne aka yi irin wannan dambarwa da ta fi kowace ƙara. A watan Satumba na 2018 wata yarinya Baturiya mai shekara 9 ta ƙi tashi ga taken a makarantarsu. Aka tsare ta lokacin cin abincin rana, aka nemi ta ba da haƙuri a rubuce. Makarantar ta ce ta ba ta zaɓi, ko ta fita daga zauren ko ta tsaya ba tare da ta rera ba, ita kuwa ta ce a ciki za ta zauna kowa ya gani. Sanata Pauline Hanson ta fito ta kira ta mara kunya, har ta ce da ita ce da ta kai mata shuri. Tsohon firaminista Tony Abbott ya ce miƙewa ladabi ne. Lokacin 'ya'yana suna firamare, kuma ba na ɓoye miki, a gidanmu ma an rabu biyu. Maigidana yana ganin iyayenta ne suka cusa mata. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk manyan da suka yi mata ca, ban ji wanda ya warware hujjarta ba. Shekarunta kawai suke ta ambato.

Hujjar kuwa ga ta. Taken, Advance Australia Fair, wani ɗan asalin Sikotilan mai suna Peter Dodds McCormick ya rubuta shi, aka fara rera shi a 1878, amma bai zama taken ƙasa ba sai 1984. A lokacin, a layinsa na biyu ana cewa mu sababbin al'umma ne masu 'yanci. To sababbi a wurin wa? Turawan Ingila sun sauka a Sydney ranar 26 ga Janairu 1788. Mutanen da suka tarar, waɗanda ake kira Aborijin, masana suna ƙiyasta zamansu a wannan ƙasa da shekara dubu 60 ko fiye, da harsuna sama da 250. Amma dokar Turawan ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, kuma wannan hukunci bai rushe ba sai a shari'ar Mabo ta 1992. Kamar mutum ne ya shigo gidan kakanki ya baje kayansa, sannan ya tara yara, har da naki, suna waƙar cewa sabon gida ne. Yarinyar ta kuma ce kalmar ƙarshe ta sunan taken, wadda ke iya nufin adalci ko kyau ko farar fata, fararen fata ake nufi da ita. Kan wannan ana musu har yanzu. Abin da ba a musu a kai shi ne, daga 1901 ƙasar ta yi dokar hana waɗanda ba farare ba shigowa, ba a kuma kammala soke ta ba sai 1973. Da ni da ke, da a wancan zamanin ne, ko tashar jirgin ruwa ba za mu wuce ba.

Bayan shekara biyu da 'yan watanni, gwamnatin Scott Morrison, wadda jam'iyyarsu ɗaya da Abbott, ta canza wannan layin. Daga 1 ga Janairu 2021 aka koma cewa mu al'umma ɗaya ce mai 'yanci. Ba yarinyar kaɗai ta jawo ba, don a 2019 'yan wasan rugbi Aborijin irin su Cody Walker da Latrell Mitchell sun ƙi rera taken a babban wasan da ake yi tsakanin jihohin Queensland da New South Wales, abin ya girgiza mutane. Amma dai kalmar da aka zage ta a kanta, ita aka cire.

Za ki ce, to tunda an gyara, me ɗanki yake nema kuma? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ki yi masa, ki kuma saurare shi da gaske. Akwai amsa mai nauyi idan ya san ta. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi tare da wata mata Aborijin wadda aka ƙwace mahaifiyarta daga hannun iyaye tana ƙarama, aka kai ta gidan mishan. An yi wa dubban yara haka har cikin shekarun 1970, sai a ranar 13 ga Fabrairu 2008 firaminista Kevin Rudd ya nemi afuwa a majalisa. Wannan abokiyar aikin tawa tana miƙewa idan an sa taken, amma bakinta a rufe. Da aka yi gyaran na yi mata murna, sai ta yi dariya kawai ta ci gaba da naɗe zannuwan gado. Na fahimci dariyar sosai a watan Oktoba na 2023, da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ambaci 'yan asalin ƙasar a tsarin mulki a kuma kafa musu majalisar ba da shawara. Kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, babu jiha ko ɗaya da ta amince. Mutanen nan ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'a ba, amma kusan ɗaya cikin uku na fursunoni manya nasu ne, yaran da ke tsare kuwa fiye da rabi. A nan Queensland yaro mai shekara 10 ana iya gurfanar da shi a kotu a tsare shi. Wannan ya daɗe yana damuna: mai shekara 9 an ce ta yi ƙanƙanta ta yi ra'ayi, mai shekara 10 kuma ya isa shiga kurkuku.

Kuma ki sani, ba a titi ɗanki ya tsinto wannan magana ba, makarantar ce ta koya masa. A asambilin 'ya'yana, kafin taken, sai wani ɗalibi ya fito ya ambaci mutanen Turrbal da Jagera a matsayin masu wannan ƙasa na asali, ya gaida dattawansu. A Melbourne Wurundjeri za ki fi ji. Tutar Aborijin mai baƙi da ja da rawaya tana kafe a ƙofar makaranta, ana kuma yin makon NAIDOC, na girmama tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasar, kowace shekara. Yaro mai lura dole wata rana ya haɗa abin da aka faɗa da abin da aka rera.

Duk da haka ba ina cewa ki tafa masa ki wuce ba. Mu aka yi wa tarbiyyar tashi idan babba ya shigo, kuma ba na raina wannan. An ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko, kuma sau da yawa haka ne, wani yaron abokinsa ya gani ya kwaikwaya. Da babbar 'yata ta zo mini da irin wannan magana tana aji shida, ban ce e ba ban ce a'a ba. Na ce ta faɗa mini abin da ya faru a 1788 da 1967 da 1992, ta kuma gaya mini wane layi ne ya dame ta. Ta kasa faɗin na 1967. Na tura ta laburare. Ta dawo ta san cewa a 1967 ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe suka yarda a riƙa ƙidaya Aborijin cikin jama'ar ƙasa, ta kuma gano baiti na biyu, wanda ke cewa waɗanda suka ƙetaro teku akwai filaye marasa iyaka da za a raba da su. Ta tambaye ni, filin wa ake raba mana? Ni da na rera wannan baitin da hawaye ranar da aka ba ni takardar zama 'yar ƙasa, ban sami abin ce mata ba. A ƙarshe ita ta zaɓi ta riƙa miƙewa ba ta rerawa, kamar abokiyar aikina, kuma ba wanda ya taɓa yi mata magana.

Akwai wani abu da dole ki gaya masa ƙarara, ko da ba zai ji daɗi ba. Waccan yarinyar Baturiya ce, ƙasar iyayenta ce, duk da haka ta sha zagi daga sanatoci. Ɗanki baƙi ne, Musulmi, ɗan baƙin haure a idon wasu ko da takardunku sun cika. Kin san yadda aka yi ta surutun gungun matasan Afirka a Melbourne a 2018. Idan hotonsa a zaune ya shiga Facebook, ba maganar Aborijin za a yi ba, cewa za a yi ku koma inda kuka fito. Wannan ba dalilin da zai sa ya yi shiru ba ne, amma kada ya ɗauki kaya bai san nauyinsa ba.

Masu cewa wannan shiga sharo ba shanu ne, su tuna Nijar ta sauya takenta a 2023 saboda tsohon taken Bafaranshe ne ya rubuta shi kuma ana jin ƙamshin mulkin mallaka a ciki. Najeriya kuwa a 2024 ta koma wanda Baturiya ta rubuta, kuma a wannan zauren ma mun yi ta gardama a kai.

Game da takardar malamar, kada ki amsa ta a rubuce cikin fushi ko cikin tsoro. Ki nemi ganawa, ki tafi da yaron, ki bar shi ya yi bayani da bakinsa. Ki tambayi abin da ƙa'idar makarantar ta ce a rubuce, da zaɓin da suke bayarwa ga yaran da ba sa rera taken saboda addini, don akwai irinsu, kamar 'ya'yan Shaidun Jehobah. Idan akwai ma'aikaci Aborijin da ke kula da ɗalibansu a makarantar ko a yankinku, a Victoria ana kiransu jami'an Koorie, ki roƙa a haɗa ɗanki da shi, ya ji daga bakin masu abin ko zaman nasa yana amfanarsu ko akwai abin da suka fi so ya yi.