Gajeren tuffa a gonar Ikorodu

Malam, ka tambaya ko gindin tuffa mai jure cuta, wanda ake aura wa reshe don bishiyar ta tsaya gajeriya, zai sa ta haihu a Ikorodu. Gaskiya ba zai sa ba. Gindi tsayi yake ragewa, amma fure aikin reshen sama ne, shi kuwa sanyi yake nema, Legas ba ta da shi.

In kana da fili a Jos ko Mambila, inda akwai sanyi, nemi irin gindin da ake kira G.41 na jami'ar Cornell ta Amurka. Yana jure ruɓewar saiwa da cutar da ke babbake rassan tuffan da aka aura a kan irin gindin da ake kira M9. Guji irin gindin da ake kira MM106 a ƙasa mai riƙe ruwa. Na ga ɓawon gindinsa ya yi baƙi, yana saɓulewa da yatsa.