Tambaya da Amsa: Tsohuwar Kombi, doguwar tafiya da lissafin fetur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Volkswagen Kombi ƙirar shekarun 1970 da na gada wurin mahaifina. Na cire kujerun baya na sa gado, ƙaramin murhun gas da tankin ruwa na lita 100. Ina so in ɗauki iyali daga Gombe mu bi ta Bauchi da Jos har Abuja, mu dawo. Lita nawa zan tanada? Wani makanike ya ce zai matse min kafireto ta rage shan mai. In yarda?
Daga wani mai karatu a Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da ta ƙarshen, don ita ce mai haɗari: kada ka yarda a matse kafireto. Injin Kombi mai cc 1600 ba shi da lagireto, iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi, kuma fetur ɗin da ke shiga silinda shi ma yana rage zafi. Idan aka rage fetur iska ta yi yawa, injin zai riƙa ɗaukar zafi ba ka sani ba, tunda babu allurar ruwa da za ta gargaɗe ka. Abin da ke biyo baya ƙonewar bawul ne, kuma silinda ta uku ce ta saba fara tafiya. Kuɗin buɗe inji ya ninka abin da za ka tsira da shi a gidan mai sau da yawa.

Sai lissafi. Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 155 ne, Bauchi zuwa Jos wajen 130, Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi ya kusa 300. Zuwa da dawowa, da 'yan zirga-zirgar cikin gari, ka ɗauka 1,200. Kombi mai lafiya da kaya daidai kima tana cin kilomita 8 zuwa 9 a lita ɗaya, wato lita 150 za ta kai ka ta dawo da kai. Wadda ba a gyara ba, aka lafta mata kaya, ana kuma danna mata totur, tana iya faɗowa kilomita 6 a lita, wato lita 200. Bambancin lita 50 ne, kusan tanki guda, tunda tankinta bai wuce lita 60 ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita 50 ke nufi a aljihu.

Amma wannan ƙiyasi ne, taka motar ce za ta faɗi gaskiyarta. Ka cika tanki har baki a Gombe, ka je Bauchi da irin kayan da za ka yi tafiyar da su, ka sake cikawa har baki. Raba kilomitan da ka yi da litar da ta sha. Kada ka dogara da malejin mota mai shekara hamsin, ka auna nisan da taswirar wayarka. Allurar mai ma haka: sau da yawa tana nuna rabi alhali saura kwata.

Kafin wannan gwajin, a yi mata gyaran da ya kamata. A saita bawul inji na sanyi, tazara milimita 0.15, a sa tazarar kwantak, wato makunnin da ke sakar wa fulogi wuta, a 0.4, fulogi a 0.6 zuwa 0.7, sannan a duba tamin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da fitilar gwaji, ba da kunne ba. A tabbatar cok, wato marfin da ke rage iska a kafireto in inji na sanyi, yana buɗewa gaba ɗaya in inji ya ɗumama, domin cok da ya maƙale yana shan mai shiru-shiru. Alamarsa fulogi baƙi ƙirin da toka-toka, da warin ɗanyen fetur a bakin salansa. Fulogin inji mai lafiya ruwan ƙasa yake fitowa. Idan matatar iskarta irin ta baƙin mai ce, a wanke ta da kananzir a zuba sabon mai daidai layi, kuma a lokacin hunturu, da ƙurar da ke tsakanin Alkaleri da Dindima, a sake dubawa a tsakiyar tafiya. Duk tiyon fetur da ya tsage ko ya bushe a canza shi. Wannan ya wuce maganar tattali: tiyon yana saman inji mai zafi, kuma ta nan Kombi da yawa suka kama wuta.

Inda mai ke zurarewa da gaske, ƙafarka ce da rufin motar. Kombi kamar akwati take, gabanta a tsaye yake yana dukan iska. Daga gudun 80 zuwa 100, turjiyar iska tana ƙaruwa da fiye da rabi. Ka tsaya tsakanin 70 da 80, ka bar 'yan Sharon su wuce abinsu. Katifa da jarkoki a kan kariyar rufin mota kuwa ƙara wa akwatin tsawo ne, a shigar da su ciki. Tankin ruwanka in ya cika kilo 100 ne, ya fi nauyin babban mutum guda. Lita 30 ta isa yini, ana ƙarawa a hanya. Taya a duba iskarta da safe kafin ta yi zafi, ta baya ta fi ta gaba tunda can inji da kaya suke.

Daga Bauchi zuwa Jos hawa ne na kusan mita 600, ta Nabordo da Toro. Iska tana raguwa a sama, motar za ta yi nauyi, shan mai ya ƙaru. Kada ka ja ta a giya huɗu tana kakari, sauko uku da wuri, fanka ta samu juyawa ta sanyaya inji. A gangaren Hawan Kibo kuma, haramun ne sakin firi ko kashe inji da sunan tattali. Ka sauka a giya uku ko biyu, in ba haka ba birki ya yi zafi ya daina kamawa, ga iyali a ciki.

Ka sha mai a gidajen mai na Bauchi da Jos da Akwanga tun tanki yana rabi. Man bumburutu na bakin hanya yakan zo da datti ko gaurayen kananzir, ƙaramin jet na kafireto kuwa ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Ka riƙe matatar fetur guda biyu, fambel ɗaya, kwantak da kwandensa, da lita uku na baƙin mai a ƙarƙashin gadon. Allah ya kiyaye hanya.