Hukuncin Nazarin Waƙar Dante Ga Ɗalibi Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin adabin Italiya a birnin Bolonya, kuma an wajabta mana nazarin waƙar Dante, mawaƙin Italiya, mai suna Divina Commedia, wadda ta taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW). Wani abokina ya ce duk wanda ya buɗe littafin ya kafirta. Jarrabawarmu ta baka ce, akan sa ɗalibi ya karanta baitoci a gaban malami. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Halaccin koyon harsuna da adabin wasu al'ummomi ba abin saɓani ba ne. Abin da ya tsayar da ni a tambayarka shi ne jarrabawar baka. Dante, wanda aka haifa a Fulorans a 1265 ya mutu a 1321, ya sanya wannan ƙazafi ne a babi na 28 na ɓangaren waƙar da ya siffanta wutar lahira. Waɗannan baitoci kada ka haddace su, kada ka rera su, ko da maki zai ragu. Ka je wurin malamin tun kafin ranar, ka bayyana masa dalilinka cikin ladabi, ka nemi ya gwada ka a wani babin.

Amma maganar abokinka ta wuce gona da iri. Masu wannan ra'ayi sukan dogara da abin da Alƙali Iyal ya ruwaito a cikin Ashafa daga Abu Ubaid, cewa haddace ko da rabin baiti na zambon Annabi kafirci ne. Sai dai a wannan fasalin ne shi kansa Iyal ya bayyana cewa hukuncin hakaito irin wannan magana yana sauyawa gwargwadon manufar mai hakaitowa, har yakan kai ga wajibi idan don shaida ne ko gargaɗi, kuma ya tsananta ne a kan wanda yake jin daɗinta yana neman ta. Da karantawa kaɗai kafirci ce, da Imamul Ƙarafi bai iya yi wa Nasara raddi ba. Hasan Usman ma, da ya fassara waƙar zuwa Larabci, ai ya karanta baitocin, sannan ya cire su.

Ina ba ka shawara ka karkata bincikenka zuwa ga bashin da Dante ya ci wurin Musulmi. A 1919 wani masani ɗan ƙasar Sifen, Asin Falasiyos, ya kawo hujjoji cewa labaran Isra'i da Mi'iraji sun yi tasiri a tsarin waƙar, kuma Dante da kansa ya ambaci Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin a babi na 4 na ɓangaren wuta.

Tunda a Bolonya kake, a cocin San Feturoniyo akwai zanen bango mai ɗauke da irin wannan cin mutunci. Kada ka shiga don kallonsa, kada kuma fushi ya kai ka ga ɓarna a ƙasar da ka shiga da amana. Ka riƙe salla cikin jam'i, ka yawaita salati. Allah ne mafi sani.