Amsa ga ƙanena mai son karatun ƙidayar masu kumburin hanji

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin ka kammala hidimar ƙasa lafiya. Ka ce kana son zuwa nan Birtaniya ka yi digiri na biyu kan yadda ake gano yawan masu ciwon kumburin hanji mai daɗewa a cikin al'umma, wato cutar Crohn da gyambon babban hanji, amma wani malaminka ya ce ɓata lokaci ne tunda ciwon Turawa ne.

Malamin naka yana da hujja, sai dai hujjar ta tsufa. Gaskiya ne nan ne cutar ta yi katutu. A yankin Lothian na Sikotland, da ya haɗa da birnin Edinburgh inda nake, binciken da aka wallafa a 2019 ya gano mutum 1 cikin 125 yana ɗauke da ita, aka kuma yi hasashen zai kai 1 cikin 98 a 2028. Ba wai sababbin marasa lafiya ne ke ninkuwa ba. Cutar tana kama mutum da ƙuruciyarsa, ba ta warkewa kwata-kwata, kuma da wuya ta yi ajalinsa, saboda haka na bana suna tarar da na bara a layin asibiti. Nauyin da ake magana ke nan: allurai masu tsada, tiyata, da ranakun aiki da ke salwanta.

Amma ka lura da yadda suka samo wannan adadi, don nan ne karatun yake. Kowane majinyaci a Sikotland yana da lamba guda da ke bin sa duk asibitin da ya je. Masu binciken suka haɗa rajistar kwanciya da sakamakon gwajin tsokar hanji da takardun magani, sannan suka bi fayil ɗaya bayan ɗaya suna tantance wanda da gaske yake da cutar. Aikin haƙuri ne ƙwarai.

To a wajenmu fa? Saurayi ya yi watanni yana gudawa da jini da majina. A gida a ce atini ne, ko basir mai jini. A je kemis a karɓo Flagyl, in bai lafa ba a koma wajen mai maganin gargajiya na bakin kasuwa. Ya rame, wando ya daina zama masa a ƙugu. In Allah Ya sa ya kai asibitin koyarwa, sai a yi zargin tarin fuka na hanji, kuma zargin yana kan hanya, don shi da Crohn suna kama sosai ko a na'urar leƙa hanji. Likita yana tsoron ba shi maganin danne garkuwar jiki, domin in tarin fukan ne, an ƙara wa wuta fetur. Wannan yaron ba ya cikin lissafin kowa. Abin yana ci mini rai, domin daga irin wannan rashin rubutawa ne ake cewa babu cutar a Afirka.

Akwai kuma abin da ya kamata malaminka ya gani. Wani mai bincike, Eric Benchimol, da abokan aikinsa sun duba bayanan lardin Ontario na Kanada a 2015, suka tarar baƙi sun fi 'yan ƙasa ƙarancin cutar, amma wanda ya shigo da ƙananan shekaru ya fi shiga haɗari. 'Ya'yan 'yan Afirka kudu da Sahara da aka haifa a can kuwa, haɗarinsu ya yi daidai da na sauran yara. Ka ga ba launin fata ba ne. Ana zargin canjin abinci, da yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ana jariri, da zaman birni. Haka ta faru a Sin da Indiya, inda a da ake cewa babu ita. Kano da Kaduna ma ai suna canzawa.

Saboda haka ka zo, amma ka san me za ka tarar. Ba za ka riƙa duba marasa lafiya ba. Wuni za ka yi gaban kwamfuta kana tacewa da gyara bayanai. Fara koyon manhajar ƙididdiga ta R ko Stata tun yanzu, ka kuma ƙarfafa lissafin ƙididdiga, don a nan likitoci da yawa suke tuntuɓe.

Maganar kuɗi kuma, kada kowa ya ruɗe ka cewa aikin awa 20 a mako zai biya kuɗin makaranta. Haya da abinci ma da ƙyar. Nemi tallafin karatu na Commonwealth, ko na Chevening in ka cika shekara 2 kana aiki. Tun Janairun 2024, mai digiri na biyu irin na zaman aji ba a ba shi izinin zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, don haka ku zauna da amarya ku yi magana tun wuri.

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa, ka je sashen leƙa hanji da ɗakin gwajin tsoka na asibitin da ka yi horo, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka tattara duk wanda aka rubuta masa kumburin hanji a shekarun baya, da yadda aka bambance shi da tarin fuka. Ko mutum ashirin ka samu, ka riƙe abin da su ba su da shi a nan. Ka turo mini wasiƙar in duba kafin ka aika. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau.