Bidiyon kogi ba ya zama hujja sai da wuri da rana

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Kano, gidanmu ba nisa da Kogin Challawa. Ruwan da masana'antun jima ke saki yana sauya launin kogin, warin kuwa ba a magana. Na ɗauki bidiyo na ɗora a Facebook, sai wasu suka ce tsoho ne, wasu ma suka ce ba Kano ba ce. Ta yaya zan rufe musu baki?

Amsa: Ƙanena, ban ga laifinsu sosai ba. Baƙin ruwa a bidiyo ko'ina kamarsa ɗaya. Abin da ya rage maka shi ne ka sa bidiyon ya faɗi inda yake da bakinsa.

Fara da shiga saitin kyamararka ka kunna alamar wuri. Daga nan kowane hoto zai riƙa ɗauke da rana, sa'a da daidai wurin da aka tsaya, a ɓoye cikin fayil ɗin. Sai dai Facebook da WhatsApp suna matse hoto su goge wannan bayani daga kwafin da mutane ke gani. Saboda haka in za ka tura wa ɗan jarida ko hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli, kada ka tura shi a matsayin hoto. Bi ta inda aka rubuta Document a WhatsApp, zai isa yadda yake. Asalin kuma ka adana shi a Google Drive, kada ka yanke shi ko ka ƙara masa launi.

Yadda ake ɗaukar ma da magana. Yawancin samari suna manna kyamara a kan ruwan, shi ke nan. Kai ka fara da abin da ɗan gari zai gane, gada ko wani gini, ka faɗi kwanan wata da sunan wurin da muryarka, sannan ka juya a hankali har zuwa bakin magudanar, ba tare da ka tsayar da ɗauka ba. Mako mai zuwa ka koma daidai wurin, a daidai lokacin. Hotuna goma na wuri guda, na rani da na damina, sun fi bidiyo guda mai ashar nauyi a gaban hukuma.

Kada ka tsoma hannu don nuna wa masu kallo. Ana amfani da sinadarin kuromiyam wajen jimar zamani, ba abin wasa ba ne. Kada kuma ka ambaci sunan wani kamfani sai ka ga bututun da idonka daga ina ya fito.

Tambaya: Mu a yankin Nguru ciyawar kachala ta toshe mana hanyoyin ruwa. Dattawa suna cewa da kwalekwale ke bi ta wurin. Akwai yadda zan nuna wa mutane bambancin da da yanzu?

Amsa: Akwai, kuma kyauta ne. Sauke Google Earth Pro a kwamfuta, nemo wurin, ka danna ɗan hoton agogon da ke sama, za ka iya ja baya ka ga tsofaffin hotuna. Sashen Timelapse na Google, mai jera hotunan wuri shekara bayan shekara, yana komawa har 1984. Ka lura dai, dam ɗin Tiga, ɗaya daga masu tare ruwan da ke gangarowa yankinku, an gama shi tun 1974, don haka ba za ka ga yadda ruwan yake kafin shi ba, amma na Challawa da aka kammala a 1992 yana cikin zangon. Tsofaffin hotunan na tauraron Landsat ne, kowane ɗigo mita 30 ne a ƙasa, ƙaramar mashiga ba za ta fito ba. Na tauraron Sentinel-2 sun fi kaifi, mita 10, ana samunsu a shafin Copernicus, amma daga 2015 suka fara. Zaɓi na watan Nuwamba ko Disamba, na damina hadari ne kawai za ka gani.

Ni a ganina, hoton sama shi kaɗai ba ya motsa kowa. Zauna da tsohon masunci, da izininsa, ya nuna da yatsa inda yake jefa birgi a da, ka haɗa muryarsa da hotunan biyu. Minti ɗaya ya isa, kuma a yi da Hausa, a fitar da sautin daban don masu ƙaramar waya da gidajen rediyo.

Tambaya: Iska tana cinye maganar da nake ɗauka a bakin ruwa.

Amsa: Juya wa iskar baya, ka yi amfani da makirfon da ke jikin wayar sauraro ta kunne, ka lulluɓe shi da ɗan soso ko safa mai tsabta.