Tambaya da Amsa: Me ake karantawa a kwas ɗin kimiyyar muhalli?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah inaso ki taimaka min da shawara. Na gama sakandare na yi sayans, burina aikin nas ko famasi amma sakamakona bai kai ba sai aka bani kimiyyar muhalli a Tek. Baabana yace shi bazai biya kuɗin shekara huɗu ba in fito in zama tankas ina leƙa randunan mutane, wata ƙawata kuma tace min kwas ne mai sauƙi duk surutun shara ne da dashen itace. Ni kuma gaskiya kemistiri ne bana so ko kaɗan. Wai me ake karantawa a ciki?
Daga wata ɗaliba a Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Bari in fara da maganar ƙawarki domin ita ce zata fi cutar da ke in kika ɗauka. Kwas ɗin nan a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da muke kira Tek, ƙarƙashin kwalejin sayans yake, kuma sayans ɗin ne zalla, kemistiri da bayoloji da fiziks da lissafi, wanda ya shiga da tunanin hutu zai yi tun simestar farko yake gane kurensa. Sunayen darussa sukan bambanta tsakanin Kumasi da Cape Coast da sauran jami'o'i amma tafiyar kusan ɗaya ce. Shekarar farko kamar an maimaita miki sakandare ne da nauyi ninki biyu, ga kalkulos ga ƙwayar halitta ga lab, sai darasin iya rubutu da na kwamfuta. Daga shekara ta biyu ake shiga ainihin abin, yadda halittu ke rayuwa da juna a daji da ruwa, ƙananan ƙwayoyin cuta, ilimin ƙasa da duwatsu, yanayi, ƙididdiga, da kemistirin awo. Sai can gaba ki tarar da gurɓatar ruwa da iska, ilimin guba, sarrafa shara, zana taswira a kwamfuta da ake kira GIS, dokokin muhalli, a ƙarshe ki yi furojet naki na kanki.

Toh kemistirin da kika ce bakya so shine ƙashin bayan abin, bazan ɓoye miki ba. Amma ki sani ba irin na allo bane da kika saba haddacewa. Za a baki kwalba ace ki ɗebo ruwa a kogin Wiwi da ya ratsa cikin makarantar, ki kawo lab ki tsaya gaban doguwar kwalbar awo kina sakin magani ɗigo ɗigo, hannu ɗaya kan famfon ɗaya yana juya kwalbar ƙasa, har sai shuɗin nan ya ɓace fat, a nan ne zaki lissafa yawan oksijin da ke cikin ruwan. Wata kwalbar kuma ki rufe ta ki ajiye a duhu kwana 5 a ma'aunin zafi 20, in kika sake aunawa bambancin da kika samu shi zai faɗa miki yawan ƙazantar da ƙwayoyin cuta ke ci a ruwan, shi ake kira BOD. Wallahi ranar da kika auna na Wiwi kika auna na rafin Aboabo da ke bayan gidajenku kika ajiye lambobin biyu gefe da gefe, kemistiri ya daina zama abin hadda. Yawancin masu cewa sun tsani darasin nan basu taɓa riƙe kayan awo da hannunsu bane, ki bashi simesta ɗaya da zuciya ɗaya tukuna.

Kar ki yi wasa da ƙididdiga kuma, nan ne ɗalibai suke sakaci suna cewa ai mu ba lissafi muka zo yi ba, sai shekarar ƙarshe ta zo ga lambobi cike da littafi an rasa yadda za'a yi dasu. Sannan a Tek da CWA, wato matsakaicin makin duk darussan da aka yi, ake auna mutum, 70 zuwa sama ne fes kilas, 60 zuwa ƙasa da 70 sakan kilas ofa, kuma makin shekarar farko yana bin ki har ranar fita, in ya faɗi tun farko ɗaga shi aiki ne ja. Rahoton lab da ake bayarwa duk sati ki rubuta shi a ranar da kika yi gwajin, kar ki bari sai daren miƙawa ki kwafi na wani, malaman lab sun san hannun kowa.

Akwai fita fili ma, kuma a nan 'yan Kumasi sun yi dace. Ga Owabi da Barekese inda ruwan famfonmu ke fitowa, ga dajin Bobiri, ga tafkin Bosomtwe da wani dutse daga sama ya haƙa shekara wajen miliyan ɗaya da ta wuce, ga juji na Oti. Ki tanadi takalmin roba da dogon wando da hijabi wanda bazai kama ƙaya ba, a lab kuma ki tura shi cikin farar riga saboda wuta da asid.

Maganar Baaba, ki same shi cikin ladabi ki faɗa masa cewa jami'an tsafta da muke kira tankas makarantarsu daban ce, a makarantun koyon tsafta na Accra da Ho da Tamale ake horar dasu, kuma aikinsu aiki ne mai daraja, da ana jin maganarsu da kwalara bata riƙa ɗibar mana yara ba. Mai digirin da aka baki yakan nufi hukumar kare muhalli ta EPA, wadda aka kafa a 1994, ko kamfanin ruwa, hukumar gandun daji, cibiyoyin bincike na CSIR irin na ƙasar noma da ke Kwadaso da na daji da ke Fumesua, ko sashen muhalli na kamfanonin haƙar zinare a Obuasi da Tarkwa. Duk babban aiki a ƙasar nan, hanya ko masana'anta ko ma'adini, doka ta ce sai an yi rahoton tasirinsa ga muhalli kafin a bada izini, kuma mutane ne ke rubuta rahoton nan ana biyansu. Bazan ce masa aiki na jiranki a bakin ƙofa ba, akwai masu digirin nan da suka gama bautar ƙasa suna zaune. Waɗanda suka fi saurin samu sune masu hannu a lab da masu iya GIS, dan haka duk dogon hutu ki nemi wajen koyon aiki ko da ba biya.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina shekara ta uku, an ce mu fara tunanin furojet. Ni kan galamse, haƙar zinare ba bisa doka ba, nakeso in yi, in auna zaiba a kogin Pra da Offin da Ankobra gaba ɗaya tunda shine abin da ke damun ƙasa yanzu. Ya kika gani?
Daga wani ɗalibi ɗan Sawaba

AMSA: Ƙanena niyyarka mai kyau ce kuma damuwar gaskiya ce, a 2024 kamfanin ruwa da kansa ya sanar cewa dauɗar ruwan Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai wajen 14,000 a ma'aunin dauɗar ruwa na NTU alhali an gina matatar ne dan ruwan da bai wuce 2,000 ba, ruwan sha kuwa ana so ya kasance ƙasa da 5. Amma koguna uku aikin mai digiri na uku ne da kuɗin tallafi, kai wata nawa gareka kuma sidi nawa ne a aljihunka? Awon zaiba da dalma da asanik da na'ura ake yi, kowane samfur kuɗi ne, kowane ƙarfe kuɗinsa daban, kuma ba'a kawo kwalba ɗaya ace an yi bincike, sai ka maimaita a kowane wuri, sama da inda ake haƙar da ƙasa da shi, in da hali rani da damina. Samfurin ƙarfe sai an ɗiga masa asid tun a bakin kogi in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin kwalbar lambarka ta fito ƙarya. Ga kuma hatsari, wuraren nan ba'a shigarsu da kwalba da kyamara haka kawai, kar ka je kai kaɗai kuma kar ka je ba da sanin malaminka da masu gari ba. In ka nace sai galamse toh ka ɗauki yanki ɗaya na Offin ka tsaya a kai.

Ni da zaka ji tawa da ka duba ƙofar gidanku. Rijiyoyi da bohol nawa ne a Sawaba da Asawase da Ayigya Zongo da ake sha ana alwala ana dafa koko dasu, wa ya taɓa auna su? A ƙa'ida ana so rijiya ta yi nesa da masai kamar mita 30, ka zaga da tef ka auna da kanka ka gani gida nawa ne suka cika wannan a unguwar da ɗaki ke manne da ɗaki. Ka ɗebi ruwan a kwalbar da aka dafa, ka sa a kula da ƙanƙara ka kai lab cikin awanni kaɗan, ka tace mililita 100 ka ɗora takardar tacewar a faranti ta kwana a ma'aunin zafi 44, da safe ka ƙirga ɗigon da suka tsiro. Ma'aunin WHO shine kada a samu ƙwayar E. coli mai fitowa daga kashi ko ɗaya a mililita 100, naitiret kuma kar ya wuce miligiram 50 a lita. Ka ɗauki wurin kowace rijiya da GPS ɗin wayarka ka zana taswira a QGIS wanda kyauta ne. Kuɗin trotro kaɗai zaka kashe a zirga zirga, masu gidajen sun san iyayenka zasu buɗe maka ƙofa, wanda baƙo da takarda a hannu bazai samu ba. Amana ɗaya ce a kanka, kar ka rubuta sunan gidan kowa a rahoto, kuma in sakamako ya fito ka koma ka faɗa wa masu rijiyar da liman da ɗan asambili da Hausar da zasu gane, wanda ruwansa bai da kyau a nuna masa ya riƙa tafasawa ko sa kulorin kafin a gyara.

TAMBAYA: Anti ni janar at na yi a sakandare ba sayans ba amma na ci jogirafi sosai, zasu ɗauke ni a kwas ɗin nan?
Daga Nima, Accra

AMSA: Da wuya ƙanena, suna neman kemistiri da bayoloji da fiziks ko lissafin zaɓi a WASSCE, aƙalla C6. Ka nemi jogirafi a jami'ar Ghana da ke Legon ko a Tek, can ma ana koyar da yanayi da taswira da GIS, kuma matsalar ambaliyar Odaw da babbar kwatar Nima na buƙatar masu wannan ilimin. Kafin ka sayi fom ka karanta sharuɗɗan shiga na wannan shekarar da idonka, kar ka dogara da abin da mai kafe ya faɗa maka.