Aisoleta mai araha daga hannun ɗan'uwa

Tambaya: Ina sayar da kayan wuta. Ɗan yayana ya samo min aisoleta (makunnin yanke wuta da hannu) masu sunan babban kamfani a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu. Ya ce in zuba rabin jarina, masana'antu za su kwashe, kafin wata 3 kuɗi ya ninka. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, a duk wasiƙarka ban ga inda ka ambaci takarda ba. Babu rasit na dilan da kamfani ya amince da shi, babu shaidar gwaji, sai "ɗan yayana ya ce". Nan ne kuskurenka. Yaron na iya zama mai gaskiya, amma shi ma faɗa masa aka yi. Maganar ninka kuɗi a wata 3 kuwa, ajiye ta gefe. Kayan kamfanin Schneider ko ABB na gaske ba ya faɗowa zuwa sulusin kuɗinsa, araha ba ta ado.

Ka san me kake shirin sayarwa? Bireka tana yanke wuta da kanta idan an samu matsala. Aisoleta kuwa mai gyara ne ke murɗa ta da hannunsa, ya datse ta da kwado, sannan ya zura hannu cikin inji da yaƙinin wuta ta mutu. Ransa ya ba ta amana.

Na san wani ɗan kasuwa da ya kai irin wannan kaya wata masana'anta. Jikinsu an rubuta amfiya 63, wato yawan wutar da za su iya ɗauka, amma jan ƙarfen ciki siriri ne. Inji mai juyawa kan ja wuta ninki 6 zuwa 8 na abin da ya saba ja lokacin tashi, sai bakin ƙarfen ɗaya ya narke ya manne. Hannun murɗawa ya nuna a kashe, alhali layi ɗaya cikin uku na nan da wuta. Allah ya sa mai gyaran ya gwada da mita kafin ya taɓa. Masu masana'antar suka kwance duk abin da ɗan kasuwar ya kawo, suka riƙe kuɗinsa, suka soke sunansa daga masu kawo musu kaya. Wanda ya haɗa shi da harkar ya daina ɗaga waya, zumunci ma ya yi tsami.

Idan har ranka na kan harkar, sayi guda biyu kacal. Nemi takardar da ta nuna an gwada su bisa ƙa'idar duniya ta IEC 60947-3, ka duba ko an rubuta AC-23, domin shi ne ajin da ke jure injuna masu juyawa, AC-21 ba zai iya ba. Wadda za a kafa a waje kuma ta zama mai lambar kariya IP65 saboda ƙura da ruwa. Tura lambar kayan ga wakilin kamfanin ya tantance. Sannan ka ba ƙwararren mai aikin wuta ɗaya daga cikinsu ya buɗe a gabanka, ku jera ta da ta gaske, ku ɗora su a sikeli.

Ka kuma rubuta da ɗan yayan naka, a gaban shaida, wa zai ɗauki asara idan aka dawo da kaya. In ya ce ai tsakaninku babu haka, kar ka ba shi ko sisi.